Daɓen Ɗakin Gwaggo

Ranar da aka zuba daɓen, sai da Injiniya ya ɗauki hoto ya fi ashirin. Ya ɗauka daga bakin ƙofa, ya ɗauka a durƙushe, ya sa Gwaggo ta zauna a bakin gado ya ɗauka da ita, ya tura wa dangi kaf. Sunan Injiniyan nan kuwa shi ya raɗa wa kansa, bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba ko ta taga. Sana'arsa zuba ifoksi, wannan ruwan roba mai kauri da ake haɗa kala biyu a gauraya, a malala a kan siminti, ya daskare ya yi santsi yana ɗaukar ido. Wani aiki ya gama ya yi ragowar rabin duro, ya ce bari ya gyara wa ƙanwar mahaifinsa ɗaki, tunda ita ta goye shi, kuma yanzu ba ta da kowa sai shi.

"Gwaggo, ko a gidajen manya sai an tona kafin a ga irin wannan," in ji shi.

Gwaggo ta leƙa ta ga fuskarta a ƙasa, ta yi dariya, ta sa masa albarka. Abu ɗaya kawai ta tambaya.

"Ɗan nan, simintin ya bushe kuwa? Shekaranjiya fa aka shafe shi."

"Bar mana wannan, Gwaggo. Aikinmu ne."

Ɗakin yana can ƙarshen gida, bango ɗaya da banɗaki. A bayansa tankin ruwa yake, wanda duk ranar da ya cika sai ya yi ta tsiyaya a gindin bango har a tuna a kashe famfo. Rufin kwano ne babu silin, ya yi ƙasa-ƙasa, rana na ɗagawa zai fara ƙas-ƙas don zafi. Taga ɗaya ce, ƙarama. Tun da Gwaggo ta faɗi ta karye a ƙugu, tafiyarta ba ta wuce daga gado zuwa banɗaki, da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Tsakaninta da tsakar gida akwai matakala uku, kuma ba ta iya saukarsu sai an riƙe ta.

Shekarar farko lafiya lau. Injiniya har ya sa aka buga hoton ɗakin a allon shagonsa, ga daɓe shuɗi yana walƙiya, ga tsohuwa tana murmushi. A shekara ta biyu, da zafi ya tsananta, shuɗin ya fara dishewa, ya koma wani ruwan ɗorawa-ɗorawa, musamman inda hasken taga yake sauka. Ƙafafun gado suka ɗan nutse a ciki. Da aka yi ruwan sama na 'yan watanni, wani fari-fari ya bayyana a jikin bangon banɗaki, ya bazu a ƙarƙashin santsin inda tsumma ba ya kaiwa. Daga nan sai ƙuraje. Ƙanana ne da fari, sai ka shafa da tafin ƙafa za ka ji su, kafin wata biyu wasu sun kai girman murfin kwalba.

Wata safiya Gwaggo ta dafa ƙarfenta za ta banɗaki, ƙafar ƙarfen ta taka guda. Ta ji fus. Wani ruwa ja-ja ya fito ya gangara ƙarƙashin gado, da wari mai hawa kai. Ta tsaya tana kallonsa, ta ce ikon Allah, yau kuma ƙasa ce take ruwa.

Matar Injiniya ce ta shigo da abin karyawa. Tana sa ƙafa ta ja da baya, ta dubi ruwan, ta dubi Gwaggo, ta ajiye tiren a kan kujera ba a kan gado ba. Ta ɗauko tsumma da bokiti.

"'Yar nan, daga daɓen yake fitowa. Kin ga inda ya fashe."

"To, Gwaggo."

Wannan "to" ɗin, Gwaggo ta san irinta. Ita ce wadda ake yi wa yaro in ya ce ba shi ya sha madarar ba, ga ta kuwa a bakinsa.

Da yamma Injiniya ya leƙo. Bai shigo ba, ya dai tsaya a ƙofa yana kaɗa makullin mota, ya kashe murya.

"Gwaggo, in abu ya matsa miki, ki riƙa kira mana. Ba abin kunya ba ne. Girma ne ya zo."

Sai da ta ɗan yi jim kafin ta gane abin da yake nufi. Da ta gane, ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Matar da ta yi shekara talatin tana wanki da guga a asibiti, wadda ko mayafinta ba ta yarda ya kwana da datti, yau ita ake yi wa wannan magana! Ta kama gefen zanenta ta miƙa masa.

"Taɓa ka ji. Taɓa mana! A bushe yake. Ni da na wanke zannuwan marasa lafiya har hannuna ya yi kanta, ni za a koya wa warin fitsari? Wannan ba shi ba ne. Daɓenka ne."

Ya yi wata 'yar dariya.

"Zani ai da zafin nan minti nawa ne ya bushe. Kuma ifoksi ba ya ruwa, Gwaggo, ruwa yake tarewa. Shi ya sa ma kike gani a sama."

Ya juya ya tafi abinsa.

Kashegari aka shimfiɗa leda a kan katifarta. Leda a ɗakin da ko iska ba ta ratsawa! Tana kwanciya sai zufa ta jiƙe ta sharkaf, matar Injiniya ta zo ta taɓa zanen gadon ta ji danshi, ta gyaɗa kai kamar ta samu shaida. Ƙurajen kuwa ba su fasa ba. Rana ta gasa kwano, kwano ya gasa ɗaki, damshin da aka rufe a cikin siminti ya taso yana neman hanya, ya tarar an toshe masa da roba. Can ya taru, ya jiƙa robar ta ƙasa, ya cinye ta a hankali, har ta saki siminti ta kumbura. Yau biyu su fashe, gobe uku. Gefen daɓen ta wajen banɗaki ya fara ɗagowa yana naɗewa.

Matar Injiniya ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa. Ga girki, ga yara, ga ɗinkin da take karɓa, ga kuma gugar daɓe sau uku a rana a ɗakin da in ta fito sai ta ji warin ya bi ta har kicin. Tun tana yi da sallama, ta koma yi da tsaki ƙasa-ƙasa. Ta ware wa Gwaggo kofi da kwano. Ta hana yara shiga, wai kada su taka najasa su shigo mata falo. Ranar da ta naɗe dardumar sallar Gwaggo ta fita da ita, ta ce, "Wurin nan ba ya sallatuwa, Gwaggo, ki riƙa yi a kan gado," tsohuwa ta juya fuska bango ta yi kuka mai isarta.

Sai magana ta fita. Yayar Injiniya ta bugo waya daga garin da take aure, aka kai wa Gwaggo har gado.

"Gwaggo, ashe abin da ya same ki ke nan? Ƙanena ya gaya mini. Wallahi yana ƙoƙari, shi da matarsa. Ki yi haƙuri ki riƙa ba su haɗin kai."

"Ba ni ba ce, 'yar nan."

"Na sani, Gwaggo, na sani. Ai ba da gangan ba ne."

Ashe duk wanda ya zo gidan ya ce me yake wari, amsa ɗaya ake ba shi. Maƙwabta sun ji, abokan Injiniya sun ji, har mai gyaran famfo da ya zo duba tanki an ce masa ya yi haƙuri da warin, akwai tsohuwa mai larura. Kowa ya ce Allah ya ba Injiniya ladan zumunci.

A satin ne ya shigo da ƙunshin kunzugun manya, irin na kanti. Gwaggo ta ce sai dai a kashe ta. Ya ce shi ba zai yi jayayya da uwa ba, amma matarsa ba baiwa ba ce, in kuma ana so a zauna lafiya a gidan nan sai kowa ya sauke girman kai. Gwaggo ta dubi matakalar nan uku ta bakin ƙofa. Ko da ta sauka, ina za ta? Ta bari aka ɗaura mata. Da safe aka kwance shi a bushe ƙayau, ƙasa kuma ga ruwa nan kwance.

"To ka gani?" in ji Gwaggo.

"Cirewa take yi ta mayar," in ji Injiniya, yana magana da matarsa kamar Gwaggo ba ta wurin. "Haka suke yi in rikicewa ta fara. Abin da za a yi, a rage mata ruwa. Abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba."

Aka ɗauke jarkar da take gefen gado. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da rana, rabi da yamma don haɗiye magani. A ɗakin da ƙarfen gado yake ƙona hannu da azahar! Kuma abin takaici, Gwaggo ba ta yi gardama ba. Cewa ta yi a ranta, to madalla, bari su gani da idonsu. Har na ranar ma ta riƙa ragewa, ta kurɓi kaɗan ta mayar. Leɓenta ya tsattsage. Harshenta ya riƙa manne wa dasashi, in za ta yi magana sai ta motsa baki sau biyu. Tana kwance tana jin tanki yana tsiyaya a bayan bango, ɗis, ɗis, ɗis, ruwa yana zuba a ƙasa a banza, ita kuwa tana haɗiyar busasshen miyau.

Daɓe bai san ana yi ba, ya ci gaba da zubar da ruwansa.

Abin da ya fi ƙishirwar ciwo shi ne ranar da ta fara zargin kanta. Mutum biyu sun ce kai ne, uku sun ce kai ne, dangi kaf sun ce kai ne. Ta farka daga barcin rana ta ga ruwa a gaban gado, ta tsinci hannunta yana laluba zanenta a ɓoye. Ko dai ni ce? Ko ina yi ban sani ba? Ta shinshina hannun, ta sake shinshinawa. Babu komai. Amma kunyar laluben ta zauna mata a ƙirji har yamma.

Ranar wata Talata da la'asar, Injiniya ya zagayo bayan gida don ya samu sabis, ya tsaya daidai ƙarƙashin tagarta yana waya. Wani ne da ya yi wa aiki yake masa faɗa, ana jin muryar mutumin tana tashi. Injiniya ya bari ya gama, sannan ya gyara murya irin ta masana.

"Ranka ya daɗe, wannan ba laifin aiki ba ne, ƙasarka ce mai damshi. Ifoksi abu biyu ne maƙiyansa, zafi da laima. In akwai ruwa a cikin siminti, zafi zai taso da shi, ya taru a ƙarƙashi, ya yi ƙuraje. Eh, in sun fashe ruwa ja-ja ne. Wari? Ai dole, sinadarin ne yake narkewa, har ka rantse fitsari ne. Na ga irinsa ya fi a ƙirga."

Gwaggo ta runtse ido. Ashe ya sani. Duk watannin nan ya sani sarai.

Ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta buga ƙarfen dogarawa a jikin taga. Ya zagayo ya tsaya a ƙofa.

"Na ji ka," ta ce, muryar da kyar take fita. "Har ka rantse fitsari ne. Da bakinka ka faɗa."

Ya ɗan yi turus. Daga nan sai borin kunya.

"Yanzu kuma laɓe kike mini, Gwaggo? Wancan daban, wannan daban. Wancan ƙasar fadama ce. Nan ni na zuba da hannuna, na san abin da na zuba."

"Kai na goya a bayan nan. Ka yi mini a zani ya fi sau ɗari, ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ban yi ba, ka gaya wa duniya."

"Hoton ɗakin nan ne a allon shagona," ya ce, ya sassauta murya kamar mai roƙo. "Kin san mutum nawa suka zo saboda shi? So kike a ce aikin da na yi a gidana ma ya lalace? Ke me za ki rasa? Kina ɗaki, ba inda kike zuwa."

Ya faɗi gaskiyarsa ke nan, sau ɗaya tak, ba kuma a gaban kowa ba. Da matarsa ta tambaye shi me Gwaggo take cewa, ya ce sambatu ne.

Kwana huɗu bayan haka matar Injiniya ta kawo kofin safe ta tarar Gwaggo ba ta gane mutane, jiki zafi rau, ido ya faɗa. Aka kinkime ta sai asibiti. Injiniya ya ja ƙofar ɗakin ya datse da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu, wai kada wari ya cika gida. Likita ta duba ta, ta ja fatar hannunta ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ta juyo ta dube su sama da ƙasa.

"Wa yake kula da baiwar Allahn nan? Jikinta babu ruwa ko kaɗan, ƙodarta ta fara taɓuwa. Ba kwa ba ta ruwa ne?"

"Ita ce ba ta son sha, likita," in ji Injiniya. "Kin san tsofaffi. Ga kuma larurar fitsari."

Matarsa ta sunkuyar da kai.

Kwana goma sha ɗaya Gwaggo ta yi ana mata ƙarin ruwa. Ma'aikatan jinya suka yi ta mamaki, don tun da ta farfaɗo ba ta taɓa ɓata shimfiɗa ba, sai ta kira an kai ta banɗaki. Wata daga cikinsu ta ce wa matar Injiniya, "Wa ya ce muku tana da larura? Tsohuwar nan ta fi ni tsabta." Ranar matar ba ta iya cin abinci ba.

Ranar da aka sallamo Gwaggo, su biyu suka riƙo ta suka hau da ita matakalar nan uku. Injiniya ya ce ta jira a falo a ɗan share ɗakin tukuna. Gwaggo ta ƙanƙame ƙarfenta.

"A'a. A gabana za ka buɗe."

"Gwaggo, ki bari mana..."

"Baban yara, buɗe," in ji matarsa. Bai taɓa jin ta yi masa magana da wannan murya ba.

Ya buɗe. Wari ya bugo su har sai da suka ja baya. Ɗakin da ya yi kwana goma sha ɗaya a kulle, ko kyanwa ba ta shiga ba, ga ruwa ja-ja nan kwance daga bangon banɗaki har bakin ƙofa, wani ya bushe ya bar shaida, wani sabo ne yana ƙyalli. Daɓen ya ɗago a tsakiya ya tsage, ana ganin baƙin siminti jiƙe a ƙarƙashi.

Matar Injiniya ta ɗora hannu a ka. Ta durƙusa a nan bakin ƙofa ta kama ƙafar Gwaggo.

"Na shiga uku. Gwaggo, ki yafe mini. Ni na ɗauke miki jarka da hannuna. Ki yafe mini don Allah."

"Tashi, 'yar nan. Ke an gaya miki ne."

Gwaggo ta juya ta dubi Injiniya. Yana tsaye yana jujjuya kwaɗo a hannu.

"To yanzu me ake so in yi?" ya ce. "Shi ke nan, daɓe ya samu matsala. Zan kankare in zuba wani."

"Ba daɓe nake nema ba. Ka kira yayarka. Ka kira duk wanda ka gaya wa. Ka ce musu ba ni ba ce."

"Haba Gwaggo, wa yake tuna wannan maganar? Ai ta wuce. In na tayar da ita yanzu sai ta zama wani abin kuma."

Ya ce wa matarsa ta yi maza ta goge, akwai masu zuwa dubiya. Ya ɗauko wata tsohuwar ledar ƙasa ya shimfiɗa a kan tsagar. Matar ta buɗe baki za ta yi magana, ya dube ta, ya ce in tana son zaman gidan nan ta san abin da za ta faɗa a gaban mutane. Ta goge tana hawaye. Jarkar ruwa dai ta dawo gefen gado, ita ta kawo ta, ba ta kuma tambayi kowa ba.

Da la'asar yayar Injiniya ta iso, ita da wasu mata biyu na dangi. Tun daga matakala suka ja mayafi suka rufe hanci, sannan suka tuna suka saki. Suka zauna a bakin gado a ɗofane, suka yi sannu, suka yaba wa Injiniya da ɗawainiya. Yayar ta jawo wata babbar leda ta ajiye a gaban Gwaggo.

"Ga wannan, Gwaggo, babu yawa. Masu kyau ne, an ce sun fi riƙewa. Kada ki ji komai, tsufa ne, kowa yana hanya."

Ƙunshin kunzugu ne har uku.

Gwaggo ba ta dubi ledar ba. Injiniya ta duba, yana tsaye a bakin ƙofa, da shi da ita bai fi taku huɗu ba. Kalma huɗu kawai take jira: ba ita ba ce. Matarsa ma ta ɗago tana kallonsa, ɗakin ya yi tsit har ana jin tanki yana ɗiga.

Injiniya ya sa hannu ya karɓi ledar.

"An gode, Yaya," ya ce. "Dama nata sun kusa ƙarewa."